Mashin ɗin da Ban Ga Ƙarshensa Ba

Sana'ar mashin ɗin wasa wahala ce, kuma duk wanda ya ce maku akwai daɗi cikinta bai yi ta ba. Shekara shida na yi ina yinta, ban fito da komai ba sai ciwon baya da tabon ƙuna a yatsu uku. Ku yaran yanzu da ke zaune gindin bedi kuna latsa waya, kun ɗauka aikin shi ne mutum ya miƙe ƙafa a kujera, yara na zuba mashi kuɗi. Kwanan baya wani mai gyaran waya da ke kusa da teburina ya nuna mani wai tsofaffin wasannin Japan, tuli guda cikin waya ɗaya, yana dariya yana cewa, "Baba Ilu, ashe waɗannan ne kuke ɗauka a amalanke?" Na ce mashi e, su ne. Guda ɗaya sai ƙarti huɗu sun kama kafin ya bar ƙasa. Shi ne ma ya gaya mani sunan wanda ya kore ni daga Cadawa. Wai majon ake ce mashi. Shekara talatin ban san sunan abin ba.

Ban yi lakol mai nisa ba. Aji huɗu na yi a Agye, babana ya ga ba ni da kan boko, ya kai ni Maraɗi wurin Malam Nomau mai gyaran rediyo da tele. Shekarar farko ban taɓa ko turnabis na kwance kusoshi ba. Aikina hura gawayi, don ƙarfen liƙinmu ba na kuran ba ne, wato wutar lantarki, ƙarfe ne mai kan tagulla da ake cusawa cikin garwashi. In ya yi zafi ka zaro, ka narka dalma, ka liƙe waya kafin ya huce. In kuwa zafin ya yi yawa ya cinye layin da ke jikin allon cikin rediyon, ka kashe wa mutum rediyo ke nan. Malam Nomau ba ya bayani. In ka yi tambaya sai ya ce, "Idonka me yake yi?"

Ran da na fara buɗe bayan mashin ɗin wasa ba zan manta ba. 'Yan kasuwar Maraɗi masu shigo da gwanjo da tsofaffin motoci ta Kotonu su ke kawo su, ciko ne, a cusa inda wuri ya rage. Malam Nomau ya sayi guda biyu. Ya ce in cire mashi wata waya mai kan roba da ke manne a bayan kwalbar tele. Mashin a kashe yake tun jiya, ko jona shi ba a yi ba. Na sa hannu. Sai na tsinci kaina a ƙofar shago, zaune cikin ƙasa, haƙorana na kaɗawa, hannun dama ya mutu har kafaɗa. Malam Nomau bai ko aje shayinsa ba.

"Malam, ai a kashe yake."

"Ita kwalba ba ta san an kashe ba," in ji shi. "Tana riƙe wuta kwana da kwanaki. Da na gaya maka da ka manta. Yanzu ba ka mantawa."

Sannan ya nuna mani yadda ake sauke wutar: ka ɗaura waya a turnabis, ka kai ɗaya bakin jikin ƙarfe, ka zura ƙarƙashin robar har ta yi tas. Wutar Japan kuma ba ta kai rabin tamu ba, ka jona kai tsaye ka ji ƙauri, sai da taransifo mai nauyin dutsen niƙa. Bakin da ake jefa kuɗi bai san dalarmu ba. Maƙeri ya yanka mamu jeto, 'yan ƙarafa masu kama da kwabo, yara suka gano kwabon Najeriya in an goga shi a siminti yana wucewa. Ƙarshe na cire abin gaba ɗaya, na jawo waya da ɗan maɓalli zuwa kujerata. Ka ba ni a hannu, in latsa maka.

Da ya sallame ni, da mashin biyun nan ya sallame ni, ɗaya na jirgin sama mai harbi, ɗaya na dambe, da wani tsohon gurup mai ba da wuta da sai an ja igiyarsa sau ashirin. Na shiga bin kasuwanni da jaki, Agye, Gazawa, Cadawa. Na taɓa gwada yamma, Gidan Rumji da Cadakori da Sae Sabuwa, rairayi ya kusa kashe mani jaki, girgizar hanya kuma ta kwance duk abin da na liƙa. Kowace kasuwa na isa, kafin in kunna sai na buɗe baya na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na kori ƙadangaru. Akwai ran da kunama ta kwana cikin na dambe a Gazawa. Ga yara sun yi layi suna cewa a kunna, ga ni ina tsotsar yatsa.

A Cadawa na zauna, saboda Alhaji Kane mai goro. Dattijo ne, babba cikin 'yan kasuwar garin, in ya yi magana ba a maimaitawa. Yana da wata rumfar kwano mai ƙofa a bayan tasa da ba ya komai da ita. Ya dube ni, ya dubi mashin, ya ce, "Ba caca, ba taba, in an kira salla a kashe. Ka iya?" Na ce na iya. Shekara biyu ina bayansa, ko kallon banza bai shiga tsakaninmu ba.

Sai mummunar shekara ta zo. Lokacin an gama babban taron nan na Yamai, soja sun ja baya, jam'iyyu sun tsiro kamar ciyawa bayan ruwan fari. Kowa na da tuta, kowa na da bakin magana, ba mai ko dala. Ma'aikata wata da watanni ba albashi, yau yajin aiki gobe yajin aiki, lakol a rufe. Ɗan da ubansa bai ga albashi ba, wa zai ba shi na wasa? Cikin haka gurup ya yi tari wata rana ya turo wuta da ƙarfi, allon na dambe ya ƙone. Allo shi ne ƙwaƙwalwar mashin, wani faifai kore mai faɗin tire, duk wasan a cikinsa yake. In ya ƙone, akwati kawai gare ka.

Na hau mota zuwa Maraɗi. Malam Nomau ba shi da allon dambe, amma can lungu akwai wani mashin da aka rufa da buhu, gajere, wanda sai a zaune ake yinsa. Ba shi da sandar juyawa irin ta sauran. Maɓallai ne jere kamar haƙoran akuya, goma sha huɗu a layi, biyar a gefe. Takardar da ke samansa an yage ta tun can.

"Malam, wannan fa?"

"Yana kunnuwa."

"Wasan mene ne?"

"Ka ga na yi kama da ɗan Japan? Wata shida yana nan ba wanda ya taya. Kawo mani kwalbar mataccen naka ka ɗauka."

Na ɗauka. Da babu gara ba daɗi.

In ka kunna shi, gilashi ya yi kore, sai 'yan duwatsu farare su jeru a ƙasa, kowane da maɓallinsa. Wasu da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa, wasu da 'yan karare, ɗaya da tsuntsu, wasu da rubutunsu mai kama da sawun kaza. Ka ja ɗaya, ka yar da ɗaya. A sama akwai layin abokin karawarka a kife, can kusurwa kuma fuskar wata mata, zane, mai manyan idanu, da riga har wuya. Da ita kake wasan. Tana magana. Ta ce "pon", ta ce "rici", can sai ta ce "ron", ta buɗe duwatsunta, ta sa hannu a baki ta yi dariya, wasa ya ƙare. Yara suka gwada kwana biyu, suka ga ba harbi ba naushi, suka watse. Abin da suka bar mata shi ne suna, 'Yar Japan.

Mushe Laminu ne ya tashe ta. Malamin lakol ne, dogo, mai tabarau ɗaure da zare, an rufe lakol ba shi da wurin zuwa sai bencin Alhaji Kane. Tun da gurup na aiki saboda na jirgi, na ce ya riƙa taɓa ta kyauta, ko mutane sa ga ana yi. Ya zo da kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakol, da bik, ya zana duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya. Duk sanda matar ta buɗe nata, sai ya kwafe da sauri kafin su ɓace. Sati uku yana wannan.

Wani Bafillace, Buba, da ke tsayawa kallo ran kasuwa, shi ya ba shi bakin zaren. Ya daɗe jingine da sanda, sannan ya ce, "Mushe, garken nan fa kowace nagge su huɗu ne iri ɗaya. Mai ɗigo uku ta wuce sau huɗu, kada ka jira ta biyar."

"Ƙirgawa ka yi?"

"Me zan ƙirga? Na gane su dai."

Daga nan Mushe ya gano sauran. Uku-uku ake haɗawa, ko iri ɗaya ko masu bin juna, gida huɗu, sannan tagwaye. In saura dutse ɗaya ka cika, ka latsa rici ka jira, in ya faɗo ka latsa ron. Sau nawa ya kai saura ɗaya, sai ta riga shi cewa "ron". Kullum ita ke riga shi.

Abin da ban zata ba, manya suka fara taruwa. Masu dara suka bar gurabensu, ma'aikatan da ba aiki suka mai da rumfar majalisa. Mutum goma a bayan Mushe, kowa na ba da shawara.

"Yar da tsuntsun nan, Mushe."

"Kada ka yar, shi take jira."

"Ku da kuka ce da yajin aiki za ku durƙusar da gwamnati, ga mace ɗaya ta hana ka shan ruwa."

"Ita wannan ai ta fi jam'iyyarku. Ko atamfa ba ta rabawa, kullum ita ke lashewa."

Suka riƙa biya suna gwadawa, kowa na son a ce shi ya fara kayar da ita. Wata huɗu ba wanda ya kayar da ita ko sau ɗaya. Ni kuwa a wata huɗun nan na ci abinci, na sai wa jaki dusa. Ban taɓa zama na koyi wasan ba. Ina ruwana? Ni mai gyara ne. Gilashi na haske, maɓalli na amsawa, aikina ya ƙare. Haka na ɗauka.

To, zamanin kowa ya samu baki, masu wa'azi ma sun samu lasifika. Ran wata kasuwa wani ya hau tebur ya fara da gidajen bidiyo, ya gangaro kan rumfata. Ya ce an kawo karta cikin akwati, magidanta sun bar sana'a suna caca da aljana. Washegari yaran na jirgi suka ragu, iyaye sun hana. Aka kai magana wurin Malam Isiya, limamin unguwarmu, cewa a tashe ni.

Alhaji Kane ya je da ƙafarsa, ba ni na roƙe shi ba. A gaban mutane bayan azahar ya ce, "Malam, yaron nan shekara biyu yana bayana. Abin da ke rumfarsa a rumfata yake. In akwai ɓarna a ciki, ni za a tambaya. Kada a yanke da ji, a zo a gani."

Malam Isiya mutum ne mai adalci, wannan ba zan ɓoye ba. Ya ce, "Ba a cin kuɗi a ciki, na ji. Amma an ce ba a taɓa yin nasara a kanta ba. Abin da ake biya kullum ba a taɓa nasara, ko yaudara ce ko jiran sa'a. In hankali ne kamar dara, a nuna mani mutum ya yi nasara da hankalinsa. Jibi da hantsi zan zo."

Aikin da na yi washegari shi ne wanda nake so ku ji da kyau. A jikin kowane allo akwai wasu 'yan makunnai, takwas a jere, kowane bai fi ƙwayar shinkafa ba, da tsinke ake tura su. Da su masu mashin ke saita wasa, ya yi tsauri ko ya yi sauƙi. A na 'Yar Japan ban taɓa kai hannu gare su ba. Na buɗe baya, na riƙa tura ɗaya ina kunnawa ina dubawa. Na farko ya juya hoto ƙafa a sama. Na biyu ya ɗauke murya. Da na tura na biyar da na shida tare, sai na ga duwatsun da ake rabawa sun fara zuwa da 'yan'uwansu, mai ɗigo biyu kusa da mai uku kusa da mai huɗu. Ashe wanda ya rabu da ita a kan mafi tsauri ya bar ta. Wata huɗu Mushe na dambe da bango.

Abin da ya rage shi ne a gwada har a yi nasara, a ga abin da ke biyo baya. Mushe ba ya gari, ya tafi Agye taron malamai, sai safiyar ranar zai dawo. Ni ban iya ba. Na zauna na latsa na latsa, ta ce mani "ron" sau uku. Isansi, man gurup, ya rage kaɗan a galan, ina tattalinsa saboda baƙi. Da na je na ce wa Alhaji a ɗaga kwana ɗaya, da an ɗaga. Ban je ba. Na ce me zai biyo bayan nasara in ba kiɗa da lamba ba? Na jirgi haka yake yi. Na rufe baya na sa kwaɗo.

Na ƙara da wata dabara. Don kada ƙarar gurup ta dami Malam, na aro doguwar waya na kai shi can bayan rumfunan masu gishiri, taku talatin. Makunnin jikin mashin kuwa ya daɗe da mutuwa, na haɗe wayoyinsa, daga gurup nake kashewa.

Da hantsi suka zo. Malam Isiya da dattawa uku, Alhaji Kane, sai 'yan majalisa da suka cika bakin rumfa har rana ba ta shigowa. Na shimfiɗa tabarma, aka tuɓe takalma. Mushe ya sauka daga mota, ko gida bai je ba. Na raɗa mashi cewa na sassauta ta. Ya gyara tabarau, ya buɗe kaye, ya shiga bayani kamar yana aji.

Malam ya matso sosai. "Don me ka yar da wannan ka riƙe wancan?" Mushe ya ce 'yan'uwansa uku sun riga sun wuce, jiransa asara ne. Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan kam lissafi ne." Alhaji Kane ya dube ni, ya ɓare goro ya miƙa wa na kusa da shi.

Mushe ya latsa rici. Ta yar da ɗaya, ba shi ba ne. Ta yar da na biyu. A na uku ya kai hannu ya latsa ron, karon farko tun da mashin ya zo garin. Wani kiɗa ya tashi da ba mu taɓa ji ba. 'Yan majalisa suka yi tafi. Sai duwatsun suka ɓace, matar ta cika gilashi daga kai har ƙafa. Ba mu taɓa sanin tana da ƙafa ba. Ta sunkuyar da kai, ta faɗi wata magana, ta cire rigar sama ta aje. Akwai wata a ciki mai dogon hannu.

"Zufa ta karyo mata," in ji Alhaji Kane. Aka yi dariya.

Malam Isiya bai yi ba, amma bai ɓata rai ba. Ya ce, "Sau ɗaya sa'a na iya bayarwa. A sake."

A nan ya kamata in tashi. Na ga rigar nan ta sauka, jikina ya ba ni akwai wani abu, kuma ina da dalilai goma da zan iya bayarwa, in ce isansi ya ƙare, in ce mashin ya yi zafi. Na zauna. Liman ya ce a sake, ana cikin wanke ni, wa zai tashi?

Na biyun bai daɗe ba. Duwatsu suka zo wa Mushe kamar an jera mashi, jifa biyar ya latsa rici, na shida ya latsa ron. Kiɗan ya sake tashi.

Ba zan faɗa maku abin da gilashin ya nuna ba. Zane ne, ba mutum ba, amma wanda ya zana ya san abin da yake zanawa, kuma wannan karon ba wata riga a ciki. Tafin da aka fara ya tsaya a hannu. Mushe ya ɗora kaye a kan gilashi, kaye bai rufe ko rabi ba, ya ƙara da tafin hannu, muryar kuwa na ta fita, irin muryar da ba sai ka ji yaren ba kafin ka gane ta. Na tsallake dattawa zan fita. Mutane sun toshe ƙofa, na baya na turowa su gani. Da ƙyar na kai ga gurup na murɗe, shi kuma ba ya mutuwa nan take, sai ya yi tari ya yi tari.

Da na dawo Malam Isiya na sa takalmi. Bai ɗaga murya ba, bai dube ni ba. Ya dubi Alhaji Kane ya ce, "Alhaji, ka ce a zo a gani. Mun gani." Ya tafi, dattawan suka bi shi. Mushe ya sulale ta gefe. Aka bar ni da Alhaji Kane, yana zaune inda yake, goron na hannunsa.

"Ilu, ka sani?"

"Wallahi Alhaji ban sani ba. Ban taɓa ganin an kai nan ba."

"Wata nawa tana rumfata?"

"Huɗu."

"Wata huɗu kana tara magidanta a kan abin da ba ka san ƙarshensa ba. Ni kuma na tashi a masallaci na sa wuyana." Ya juya goron a hannunsa. "Da ka ce mani ka sani, da na ce ɗan iska ya cuce ni, kowa ya taɓa gamuwa da ɗan iska. Yanzu me zan ce? In ce wawa na tsaya wa?"

Ya tashi ya koma kan goronsa. Ran nan har la'asar ban ga wanda ya tsaya saye wurinsa ba, sai masu wucewa a hankali suna leƙen bayansa.

Shi ya sa in na ga mai gyara ya canza gilashin waya, ya ga ta kawo haske, ya miƙa wa mai ita ya ce an gama, raina ke ɓaci. Abin da ka aje gaban mutane naka ne har ƙarshensa, ko kai ka ƙera ko wani a bayan teku. Waɗanda suka yi allon nan sun gama da shi, sun yage takardar, sun turo mamu tare da gwanjo. Ba wanda ya yi mani ƙarya, ni ne ban duba ba. Mushe Laminu da bai ci ba bai sha ba ya fi ni asara. Mutumin da ke koyar da 'ya'yan mutane, aka laƙaba mashi angon Japan. Da aka buɗe lakol ya nemi a canza mashi gari.

Amma ranar ba ta ƙare a nan ba. Bayan la'asar ina naɗe doguwar wayar nan, sai ga mutum shida sun shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa na waiwaye. Biyu daga cikinsu su ne suka fara hana 'ya'yansu zuwa wurina. Babbansu wani ɗan kamasho ne a tasha, ya zauna a kujerar Mushe yana shafa maɓallai.

"Ilu, ashe dukiya gare ka ba ka sani ba."

"Me kuke so?"

"Akwai ɗaki bayan tasha, ba taga. Ka kai ta can. Duk abin da ka yanka za a biya, ba mai ciniki. Ran kasuwa direbobi kaɗai sun ishe ka."

"Ba wanda ya iya sai Mushe."

"Za mu koya," in ji ɗaya daga cikin iyayen nan. "Yanzu ai akwai dalili."

Ba zan yi maku ƙarya in ce na kore su ba. Na ce su ba ni zuwa gobe. Rumfa dai na san ta tafi. Na jirgi shi kaɗai ba ya ciyar da ni da jaki. Abin da ɗan kamashon ya faɗa gaskiya ne, rani ɗaya a ɗakin nan da na sayi moto mai ƙafa biyu, da wataƙila yanzu ba a tebur nake ba ina sayar da batir da tocila. Sau ɗaya ke nan sana'ar ta taɓa buɗe mani ƙofa, kuma ga irin ƙofar. Sai dai duk wanda ya fito daga ɗakin nan ta gaban goron Alhaji Kane zai wuce, kuma garin duka ya san a rumfar wa aka fara.

Da safe bayan an sauko daga salla na buɗe bayan mashin, na kwance allon. Na aro guduma wurin maƙeri, na tafi ƙofar gidan Alhaji. Yana zaune kan buzu a zaure yana jan carbi. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na aje makullin rumfa a gefen buzun. Na ɗora allon kan dutsen bakin ƙofa, na yi ta dukansa har ba abin da ya rage da ya kai faɗin tafin hannu. Maƙwabta suka fito suna kallo. Ya bari sai da na gama, ya ƙarasa carbinsa, ya ɗauki makullin ya sa a aljihu.

"Ka share wurin kafin ka tafi," in ji shi. "Jikokina ba su sa takalmi."

Aka miƙo mani tsintsiya daga cikin gida. Na share.